Ragowar Maganin Inna

Ranar da aka kai Inna makwancinta, gidanmu ya cika har wasu matan a kan turame suka zauna. Inna surukata ce, mahaifiyar maigidana. Shekara goma sha shida muna shan ruwan randa ɗaya da ita a ƙauyenmu da ke gefen Dingyadi, tun ranar da aka kawo ni daga Shagari. Ban taɓa kama sunanta tana raye ba, ba kuwa yanzu zan fara ba.

Ni ce mai kai ruwa da kwashe kwanuka a zaman makokin, don haka kunnena ya sha magana. Masu kuka sun yi kukansu. Wata tsohuwa da Inna ta yi shekaru tana aika wa fura kullum da hantsi ta riƙe ƙyauren ɗakin tana cewa yau ta zama marainiya, alhali ta ba mamaciyar shekaru. Matan da Inna ta yi wa wankan jego suka jeru a jikin bango, kowace da goyonta. Amma can gindin rumbu, inda masu ƙananan murya suke haɗuwa a kowane makoki, na ji wata tana cewa:

"Allah shi jiƙanta, mutuniyak kirki ta. Sai dai wurin magani kam, akwai hannun jarirai."

Ta kusa da ita ta karɓe: "Ke dai bari. Ranad da kaina ka sara awa shi tsage, ƙwaya guda nir roƙe ta, tac ce in tai asibiti. Ƙwaya guda hwa!"

Suna ɗaga kai suka gan ni da kwanon sha a hannu, sai suka koma salati. A ranar ban tanka ba. Gawa ba ta daɗe da fita ba, ni kuma suruka ce, an san suruka da sunkuyar da kai. Yau watanni sun shuɗe, maganar ba ta mutu ba, har ta yi 'ya'ya ta haɗa da ni. To tunda abin ya zama haka, bari in faɗi ko wace ce Inna, kowa ya ji da kunnensa. Wadda ta ji haushi ta sha ruwan sanyi.

A wajenmu, in mutum ya rasu bayan jinya, akwai ƙananan kayan da ba sa shiga rabon gado. Ragowar sabulu, man shafawa, turare, da ragowar maganin da likita ya rubuta masa, duk sadaka ake yi da su don ladan ya iske mamaci. Saboda haka mai ciwon ƙafa da mai jiri da mai kumburi, in za su zo gaisuwa, da ciwonsu suke tahowa, kafin addu'ar uku an raba ƙwayoyin nan a ƙullin leda kamar goron suna. Ba na cewa kwaɗayi ne. Magani da tsada, asibitin Boɗinga ba kusa ba ga mai ciwon gwiwa, ga kuma tunanin cewa abin da ya taɓa jikin salihin bawa akwai albarka a ciki. Ni ma da na tashi haka na tarar, ban taɓa ganin aibinsa ba, duk da allin da nake riƙewa a makarantar firamare.

Inna ce kaɗai na sani da ta ƙi wannan al'ada ƙiri-ƙiri. Matar da in an kwashe albasa ba ta yarda a ɗaure buhu sai an zagaye unguwa da kwarya, matar da ba a wanke tukunyarta babu rabon baƙo, ita ce in ka roƙe ta ƙwaya ɗaya sai ta dube ka sama da ƙasa ta ce, "Magani ba goro ba na. Da suna shika zuwa." Ba ta ƙarawa ba ta ragewa.

Hawan jini da ciwon suga ne suka zauna mata a shekarunta na ƙarshe. Magungunanta a cikin wata samira mai murfi suke, rataye a ragaya inda rana ba ta kaiwa, hannun yara ma ba ya kaiwa. Ba ta karanta boko, amma ajami kam ko malamin zaure ya shafa mata lafiya. Duk ranar da muka dawo daga asibiti sai ta zaunar da ni in karanta mata abin da ke jikin kowane kwali, ita kuma ta bi da birona tana rubuta nata a gefe: wannan bayan asuba, wannan sai an ci abinci, wannan da magariba. In na yi saurin karatu ta ce, "Malama, sannu-sannu. Ba jarabawa muka yi ba, raina na."

Likitocin Boɗinga sun san da zamanta. Akwai wani matashi cikinsu da take kira angonta, irin wasan kaka da jika. Yana gama rubutu ya miƙo takarda, sai ta maƙale hannu a mayafi ta ƙi karɓa.

"Tsaya, ango. Wanga da ka ƙara min, da mi shika hwaɗa? In ba shi so na, mi za ni gani ga jikina? In na mance ban sha ba hwa, in haɗa biyu?"

Layi ya yi tsawo a waje, mutane suna tsaki, ni kunya kamar in nutse, ita ko gezau. Sai ya amsa mata ɗaya bayan ɗaya sannan ta karɓa. In mun fito ta ce da ni matambayi ba ya ɓata, masu tsakin nan kuwa ba su za su kwanta mata ciwo ba.

Wata shekara aka canza mata maganin hawan jini, ba a yi sati biyu ba wani busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro ya kama ta. Nan masu shawara suka yi caa. Wannan ta ce sanyi ne, waccan ta kawo saiwa. Goggo, wato ƙanwar marigayi mijin Inna, wadda a dangin maigidana ba a tsallake maganarta, ta zo takanas ta ce a watsar da ƙwayoyin Nasara gaba ɗaya. Inna ta saurari kowa, ta yi godiya. Ba ta daina shan maganin da kanta ba, ba ta kuma zauna tana haƙuri da tarin ba. Washegari ta ɗauki kwalin muka hau mota, ta dire shi gaban likita ta ce, "Ango, tun da wanga yash shigo gidana nika tari. Ko shi na?" Ya ce shi ne, yakan yi wa wasu haka. Ya sauya mata wani, tarin ya bi iska. Ta dawo ta aika wa Goggo da tuwo da miyar kuka mai man shanu, ba ta ce mata komai ba.

Faɗa ɗaya muka taɓa yi da ita, kuma ni ce da laifi. Akwai wata amarya a maƙwabtanmu, cikin fari ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, kai na sara mata. Wata rana da hantsi Inna ta fita gaisuwa, uwar mijin yarinyar ta shigo ta same ni. Ta ce ai irin ciwon Inna ne sak, in taimaka da ƙwaya biyu. Na ce Inna ba ta so. Ta ce, "Haba Malama, ke da kin yi boko, ke ma rowa za ki koya?" Kunya ta kama ni. Na sauke samira na ɓallo biyu daga na hawan jini na ba ta, na ce kar ta faɗa.

Inna na dawowa ta sauke samirarta don shan na rana, ta ga gurbi biyu. Ba ta tambayi yara ba, ni ta kira.

"Wa kib ba?"

Na fara kame-kame. Ta ɗauki mayafi ta ce, "Tashi mu tai. In ta haɗiye, ni da ke za mu amsa gaban Allah."

Haka ta tasa ni gaba tsakar rana, ina malamar makaranta, ɗalibaina suna kallo, har cikin gidan mutane. Allah ya taimaka yarinyar ba ta sha ba, tana jiran kunu ya huce. Inna ta buɗe tafin hannu, aka zuba mata ƙwayoyinta. Uwar mijin ta yi ta zuba magana, har da cewa dama an faɗa mata Inna marowaciya ce. Inna ta bar ta ta gama, sannan ta ce, "Ba ni ba ta. Amma ina kai ta." Ta kuwa kai ta. A asibiti suka riƙe yarinyar a gado, suka ce jininta ya hau irin hawan da ke sa mai ciki jijjiga, kuma irin ƙwayar Inna ba a ba mai ciki, tana iya taɓa ɗan. Kwana huɗu Inna tana jigilar kunu zuwa Boɗinga da ciwon gwiwarta, har aka sauka lafiya.

Ni kuwa duk da haka fushi nake. An kunyata ni a gaban unguwa, kwana uku daga gaisuwa ba na ƙara komai. A rana ta huɗu da la'asar muna zaune a rumfa muna tsince ruɓaɓɓiyar albasa daga mai kyau, ta ce ba tare da ta dube ni ba:

"Ke ɗiyas Shagari ta. Kin san tsamiyag ga ta bakin hanya, in an hito rugage za a shiga kasuwa?"

Na ce wa bai san ta ba? Muna yara ko kusa ba ma bi, an ce a nan iskoki suka buge wata mai tallar nono ta faɗi ta mutu. In za mu wuce da gudu muke yi muna karanta abin da muka iya.

Ta ce, "Ƙanwata ta. Uwa ɗaya uba ɗaya. Kuma ba iska ba na, ni ta."

Na saki albasar da ke hannuna. Ta ba ni labarin a hankali, hannunta bai daina aiki ba. Lokacin da mijinta ya rasu, shi ma ciwon suga ya yi jinya, ya bar ƙwayoyi da yawa. Aka zo rabon sadaka kamar yadda aka saba. Ƙanwar nan tata, wadda ke aure cikin makiyaya a wajen Shagari, ta zo gaisuwa tana kukan kasala da yawan ƙishirwa. Inna ta ce ai haka marigayi ya fara, ta ware mata kaso mafi yawa, don ita ta fi so. Bayan kwana kaɗan matar ta sha da sassafe, ta ƙara wata don ta ji ƙarfi, ba ta sa komai a ciki ba, ta ɗauki ƙwaryar nono ta kama hanya. Abokan tafiyarta suka ce sun ga gumi na karyo mata, jiki na rawa, tana magana ba kan gado, ta zauna gindin tsamiya ba ta ƙara tashi ba. Suka yi ta tofi da kiran sunan Allah. Ga nono da fura da sukari a kansu, ba wadda ta san abin da jikinta ke nema ke nan.

Shekara da shekaru Inna ma ta yarda iskoki ne. Sai ranar da aka ce ita ma tana da suga, wata nas ta zaunar da ita tana yi mata bayani: wannan ƙwaya in kin sha ba ki ci abinci ba, za ki ji gumi, jiki ya ɗau rawa, magana ta rikice, ki yi maza ki sa abu mai zaƙi a baki, kuma kar ki kuskura ki ba wanda ba a auna ba, tana iya kashe shi. Inna ta ce tana zaune a bencin nan ta ji kamar matan rugar ne ke sake ba ta labari, kalma bayan kalma.

Na ce, "Inna, kwananta ne ya ƙare."

Ta ce, "Na sani. Wanda yab ba da rai shi ka karɓa. Amma sanadi da hannu shika zuwa, kuma hannun ga na." Ta ɗaga shi, duk ɓawon albasa. "Kak ki hwaɗi ina raye, ba ni iya kallon ɗiyanta. In na mutu ki hwaɗa ma duniya. Kuma abin da yar rage cikin samira, ko ƙwaya guda kak ki bari a yi min sadaka da ita. Ki maida musu abinsu asibiti. Ba ni son ladan."

Tun daga ranar ban ƙara jin kunyar cewa a'a ba, sai dai ban san ranar gwajin tana tafe ba.

Inna ta rasu wata Laraba da walaha, bayan ta sha kununta ta sha maganinta na safe, kanta a cinyata. A ranar addu'ar uku, bayan maza sun shafa fatiha an fara watsewa, Goggo ta shiga ɗakin marigayiya ta zauna bakin gado, manyan mata suka bi ta. Aka raba sabulu da turare da man zafi. Sannan ta sa aka kira ni. Na durƙusa a bakin ƙofa. Ta miƙe ƙafafunta, na ga sun kumbura har sawun takalmi ya fito.

"Ke, sauko min da samirag ga. Wanda ka sa hitsari shi sacce kumburi nawa na, sauran a raba ma bayin Allah."

Na ce, "Goggo, ki gahwarce ni. Inna ta bar wasiyya, ta ce kar a raba."

Goggo ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Wasiyya? Ga wa? Ga ɗiyan da tah haihwa, ko ga bare?"

"Gare ni, Goggo."

"To ni nic ce ki sauko da ita. Maganin yayana da hannuna munka raba shi cikin ɗakin ga, mi yah hwaru?"

Wallahi sai da maganar ta zo min har leɓe. Amma 'ya'yan mai nonon nan biyu suna zaune a ɗakin, sun zo gaisuwar yayar uwarsu, ba a nan ya kamata su fara ji ba. Na haɗiye. Na ce, "Goggo, kumburi iri-iri na. Wani na zuciya na, wani na ƙoda. Gobe in Allah ya kai mu ni da kaina in kai ki Boɗinga a auna ki. Amma wanga ba ni ba ki."

Ban san na ɗauko kalaman Inna ba sai da suka fita. Goggo ta yi min wankin babban bargo. Ta ce an mutu an bar min gadon rowa. Ta ce boko ya cire min kunya, ta ce ina hana mamaciya lada, ta tono har kakannina na Shagari. Ina durƙushe hawaye na zuba, don ina jin nauyinta, kuma ban taɓa musu da babba ba tun da aka haife ni. Da ta yunƙura za ta sauke samirar da kanta, na riga ta. Na rungume ta a ƙirji na fita da ita ta tsakiyar mata, na kulle a akwatina.

Maigidana ya same ni a madafa, idonsa ja don kukan uwa. Ya ce, "Ki ba ta ko biyu a zauna lahiya. Goggo ta hwa." Na ce ya zauna. A nan, tsakanin murhu da tulu, na ba shi labarin tsamiya. Washegari shi ya ɗauke ni a babur, muka miƙa wa mai ba da magani na asibiti samirar yadda take, da rubutun ajamin Inna a jikin kowane kwali. Bayan arba'in muka je ruga muka faɗa wa 'ya'yan mai nonon. Babbar ta yi kuka, ta ce sun yafe, ƙaramar ta tashi ta bar mana wurin. Ban ga laifinta ba.

Goggo ma an faɗa mata. Ta ce zancen banza ne, kwana ne ya ƙare. Na je ɗaukarta zuwa asibiti sau biyu ta ce ba ta shiga mota ɗaya da ni. Daga baya na ji 'yarta ta kai ta, an auna, an rubuta mata nata, wanda ban san ko mene ne ba, ba kuma dolenta ba ne ta faɗa min. Abin da na sani shi ne yanzu a unguwa ana cewa na sayar da maganin mamaciya a kemis. An yi suna biyu a dangi ba a aiko min da goro ba. Abin yana min ciwo, ba zan ɓoye ba, ni mutum ce mai son shiga jama'a. Amma in an sake ɗora min samirar nan gobe, hanyar da na bi ita zan sake bi.

Ku da kuka ce Inna marowaciya ce, ga abin da ta hana ku, kun ji. Ta zaɓi ku zage ta kuna tafiya da ƙafafunku. Ya Allah, Kai ka ga abin da baiwarka ta ɗauka a zuciya ita kaɗai tsawon shekaru, ka sauke mata shi. Ka yalwata kabarinta, ka haɗa ta da ƙanwarta a inuwar da babu zargi, ka sa ladan da ta ƙi nema ta hanyar da ta ji tsoro ya iske ta ta wata hanyar ninki-ba-ninki.

Shekaranjiya na bi ta ƙofar gidan Goggo da hantsi, na same ta zaune a tabarma tana tsinkar zogale. Na durƙusa har ƙasa na ce, "Goggo, ina kwana?" Ta kau da kai, ta ja wani dogon tsaki da sai mai cikakken numfashi zai iya jan irinsa. Na tashi na kakkaɓe zanena na ce alhamdu lillahi, jiki ya yi sauƙi. Gobe ma zan koma in gaishe ta.